Tashar jirgin ƙasa a ƙauyen Japan babu ma'aikaci ko ɗaya: wa ake biya, kuma wa ke kula da ita?

Tambaya: Na samu gurbin horon aikin gona na wata shida a wani gari da ke cikin tsaunukan lardin Shimane a Japan. An ce mini tashar da ta fi kusa da masaukina tana kan layin Kisuki, kuma babu ma'aikaci ko ɗaya a cikinta. To wa zai sayar mini da tikiti? Yaya aka yi jirage ba sa karo idan babu mai kula? Sannan labarin nan da ke yawo a Facebook, na tashar da aka ƙi rufewa saboda ɗaliba guda, gaskiya ne?

Amsa: Malam, barka da arziki, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Ka kwantar da hankalinka, tasha babu ma'aikaci ba baƙon abu ba ce a can. Alƙaluman ma'aikatar sufuri ta Japan sun nuna cewa a watan Maris na 2020, cikin tashoshi 9,465 da ke ƙasar, 4,564 babu mai tsaronsu, wato kusan rabi. Aikin da ma'aikacin tasha ke yi a da raba shi aka yi gida uku. Direba ya ɗauki karɓar kuɗi, wani ofishi a gari mai nisa ya ɗauki sigina, ragowar kuma aka bar wa fasinja. Kasonka na fasinja shi za mu fi daɗewa a kai, don a nan ne baƙo ke shan wuya.

Layin Kisuki na kamfanin JR West ne, ɗaya daga kamfanonin fasinja shida da aka kafa ranar 1 ga Afrilu 1987 lokacin da aka rarraba hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati. Tsawonsa kilomita 81.9, daga Shinji zuwa Bingo-Ochiai a lardin Hiroshima, tashoshi 18. Layi ɗaya ne tal, mai zuwa da mai dawowa duk shi suke bi. Babu wayar lantarki a samansa, jirgin dizal ke aiki, galibi tarago ɗaya ko biyu samfurin KiHa 120, kowane kimanin mita 16 da injinsa a ƙarƙashi. Faɗin dogon milimita 1,067 ne, daidai da tsohon layin Legas zuwa Kano. Shinkansen, jirgin nan mai tsananin gudu da ake gani a talabijin, nasa dogon daban ne, milimita 1,435, kuma ba ya zuwa Shimane ko kusa.

Tashoshin irin wannan layi hawa uku ne. Akwai mai ma'aikatan kamfani, akwai wadda babu kowa sam, akwai kuma ta tsakiya, inda kamfani ya damƙa wa ƙaramar hukuma ko wani mai shago sayar da tikiti. A tashar Kamedake, alal misali, gidan sayar da taliyar soba ne a cikin ginin tashar, kuma masu gidan ne ke sayar da tikitin. Izumo-Yokota tana da ginin katako tun na 1934, an yi shi da siffar wurin ibadar Shinto, addinin gargajiya na Japan, da ƙatuwar igiyar ciyawar shinkafa rataye a bakin ƙofa. Irin waɗannan tagogi na 'yan awoyi ne da rana. Da yamma ta yi, tashar ta koma kamar wadda ba kowa.

Idan ka shiga wadda ba kowa, abin da za ka tarar bai taka kara ya karya ba: dandamali, ɗan ɗakin jira mai benci, allon jadawali, allon kuɗin tafiya, lasifika a jikin turke, da wani ƙaramin akwatin ƙarfe na jefa tikitin da aka gama amfani da shi. A ƙarshen dandamalin akwai babban madubi a kan sanda. Na direba ne, da shi yake ganin ƙofofi kafin ya rufe, kada ka tsaya ka tare shi. A ƙasa akwai layin tubala masu launin rawaya da ƙuraje domin makafi, a bayansa ake tsayawa.

Jadawalin shi ne shugaban tashar. Awa 24 ake rubutawa, 13 ita ce ɗaya na rana, 18 shida na yamma. Awa tana gefen hagu, mintuna a dama, da sunan inda jirgin zai tsaya a ƙarshe. Allo biyu ne ko shafi biyu, kowace fuska da nata, don haka ka haddace sunan tashar ƙarshe ta fuskar da kake so, Shinji ko Kisuki ko Izumo-Yokota ko Bingo-Ochiai. Ka lura da ƙananan alamomi kusa da mintuna, domin wasu jiragen ba sa aiki Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Kowace shekara a watan Maris kamfanonin JR ke sauya jadawali, saboda haka hoton jadawalin da wani ya ɗauka bara bai zama hujja ba. Arewacin layin ya fi samun jirage, duk da haka akan yi tazarar awa biyu ko fiye da tsakar rana. Daga Izumo-Yokota zuwa Bingo-Ochiai kuwa, kilomita 29.6, jirgi uku ne kacal ke tafiya, uku su dawo, a yini guda. Jirgi ba ya cika minti ɗaya a ƙaramar tasha, kuma ba motar haya ba ce da za ta jira ta cika. Ka iso da minti goma a hannunka.

Minti goman nan suna da wani dalili. A tashar da ke da dandamali biyu, sau da yawa babu gada, da ƙafa ake tsallaka dogon ta wata 'yar hanya a cikin tashar. Da jirgi ya doso sai ƙararrawa ta kama kaɗawa, wani wurin har sanda ta sauko. Wanda ya makara a ɗaya gefen yana ji yana gani jirginsa zai zo ya tafi. Kuma kada ka ce ai jiya a wannan dandamalin ya tsaya, ka duba lambar dandamali a jadawali kowane lokaci.

Yanzu batun shiga da biya. A goshin jirgin za ka ga ƙaramar alama, ワンマン, ana karanta ta wanman. Ma'anarta direba kaɗai ne ma'aikaci, babu kwandasta. A yankin JR West ƙa'idar ita ce a shiga ta ƙofar baya ta taragon farko, a fita ta ƙofar gaba kusa da direba. Idan tarago biyu ne, ƙofofin na biyun ba sa buɗewa a tashar da ba ma'aikaci, ko da ka ga mutane zaune a ciki. Baƙi da yawa a nan suke yin asarar jirgi, suna tsaye gaban ƙofar da ba za ta buɗe ba. Akwai alama a ƙasan dandamali ko a jikin turke mai nuna wurin shiga, nan za ka tsaya. Ƙa'idar takan bambanta da yanki, a Hokkaido ta gaba ake shiga ta gaba ake fita, don haka idan ka yi nisa ka kalli yadda 'yan gari ke yi. A jirage da yawa kuma, musamman lokacin sanyi, ƙofa ba ta buɗe kanta. Akwai madanni a gefenta, sai fitilarsa ta kama ka danna. Idan kai ne na ƙarshen shiga, ka danna na ciki ka rufe, kada ka bar wa mutane iska.

Da ka sa ƙafa, a gefen ƙofar akwai wani ɗan akwati, galibi mai ruwan lemo, ya zaro harshen takarda. Ja ta. Sunanta seiriken, an rubuta 整理券 a jikin akwatin. 'Yar takarda ce fara wadda ba ta fi faɗin yatsa biyu ba, ɗauke da lamba, sau da yawa har da sunan tashar da kwanan wata. Ba tikiti ba ce, shaida ce ta inda ka shiga. Wanda ya manta bai ɗauka ba, ko ya yar, ana iya cajinsa tun daga tashar da jirgin ya taso. A wasu tashoshin na'urar tana kan dandamali ne maimakon cikin jirgi, ka danna ta ba ka takardar shaidar tashar, aikinsu ɗaya.

A saman bayan direba akwai allon lantarki mai gidaje, kowane gida da lambarsa. Duk tashar da aka wuce, kuɗin da ke cikin gidajen sai ya ƙaru. A ce lambarka 7, aka sanar da tasharka, gida na 7 ya nuna 330, to yen 330 (yen shi ne kuɗin Japan) za ka biya. Idan jirgi ya tsaya ka je gaba, ka jefa takardar da kuɗin tare a akwatin da ke kusa da direba, yana kallo, ka fita. Akwatin ba ya ba da canji. Ka jefa 500 a kan 330, ragowar ta tafi. A jikinsa akwai na'urar farfasa kuɗi daban, tana karɓar takardar yen 1,000 da manyan sulalla ta mayar maka da ƙanana. Ba ta karɓar takardar 2,000 ko 5,000 ko 10,000, kuma direba ba ya yawo da canji a aljihu. Matsalar ita ce na'urar cire kuɗi ta banki takardar 10,000 ta fi bayarwa, saboda haka baƙon da ya sauka daga jirgin sama yakan iso da kuɗin da ba su da amfani a wannan jirgi. Ka farfasa su a kanti tun a birni. Ka riƙe takardun 1,000 guda uku ko huɗu da sulallan 100 da na 10 a wata 'yar jaka daban. Wani ƙarin abu: an fito da sabon sulen yen 500 a Nuwamba 2021, da sababbin takardun kuɗi a Yuli 2024, kuma tsofaffin na'urori a wasu wurare sukan tofo su. Idan tsohuwar takardar 1,000 ta faɗo hannunka, ajiye ta don jirgi. Canjin kuma ka yi shi tun jirgi na tsaye a wata tasha kafin taka, ba sai an iso ba ɗalibai goma na bayanka.

Katin biyan kuɗi na lantarki, ICOCA na JR West ko Suica na yankin Tokyo, shi ne babban tarko. Tun Maris 2013 manyan katunan ƙasar guda goma suke aiki a madadin juna, shi ya sa mutane ke zaton ko'ina suna aiki. Yankuna ne da su, kuma layin Kisuki yana cikin waɗanda katin bai kai ba. Abin da ke faruwa shi ne, mutum ya taɓa kati ya shiga a Matsue, babban birnin Shimane, ya sauya jirgi a Shinji, ya iso ƙauye babu inda zai taɓa ya fita. Direba zai karɓi kuɗin tafiyar gaba ɗaya a tsaba, ya ba shi takardar shaida. Katin kuwa ya kulle, domin a lissafinsa har yanzu mutumin yana cikin jirgi, kuma ba zai sake aiki ba sai an kai shi taga a tashar da ke da ma'aikata a cikin yankin katin an warware. Maganin abin mai sauƙi ne: duk ranar da tafiyarka za ta ƙare a ƙauye, sayi tikitin takarda har zuwa tashar ƙarshe tun daga birni. Mai tikiti sai ya jefa shi a akwatin direba kawai.

Idan kuma daga ƙauye ka taso za ka birni, ka riƙe seiriken ɗinka. A tashar da ke da ma'aikata duk ƙofofi na buɗewa, biyan kuma a taga ake yi. Kada ka cusa 'yar takardar a ƙofar na'ura, ba ta san ta ba, bi ta gefen da ma'aikaci yake. In za ka sauya jirgi, nuna wa direba takardar ka faɗi sunan inda za ka. Ko dai ya karɓi kuɗin nasa ɓangaren ya ba ka shaidar biya, ko ya ce ka biya a can gaba. Yaro daga shekara 6 zuwa 11 rabin kuɗi ne. Tun da wata shida za ka yi, idan kullum hanya ɗaya za ka riƙa bi, nemi tikitin wata, ana kiransa teiki, akwai na wata 1 da na 3 da na 6. A tashar da ke da taga ake saye, sai ka riƙa nuna wa direba kawai. Kuma kada ganin babu mai tsaro ya ruɗi kowa. Wanda aka kama da gangan bai biya ba, ƙa'idar JR ita ce kuɗin tafiya da tarar ninki biyu a kai, wato ninki uku. A garin da direba ya san fuskar kowane fasinja, baƙo ba ya ɓuya.

Sai tambayarka ta biyu, ta karo. Layi ɗaya ana yanka shi gunduwa-gunduwa, daga tashar kaucewa zuwa ta gaba, kuma doka ɗaya ce: jirgi ɗaya kaɗai a cikin gunduwa ɗaya. Tashar kaucewa ita ce wadda dogo ya rabu biyu a cikinta ya sake haɗewa, jirgi ya tsaya a gefe ɗan'uwansa ya wuce. A da, ana tabbatar da dokar ne da wani faifan tagulla mai rami a tsakiya, ramin wani zagaye, wani murabba'i, wani mai kusurwa uku, kowace gunduwa da siffarta. Na'urori biyu a tashoshin da ke kan iyakar gunduwar suna haɗe da waya, ba sa sakin faifai na biyu sai an mayar da na farko. Shugaban tasha ya sa faifan a jakar fata mai babban zobe ya miƙa wa direba, direban da ba shi da faifai ba ya motsawa. Wannan tsari yana bukatar mutum a kowace tashar kaucewa dare da rana, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa ƙananan tashoshi suke da ma'aikata. Da aka kawo tsarin sarrafa sigina daga ofishi ɗaya, inda dogon da kansa ke sanar da inda jirgi yake ta hanyar lantarki, sai bukatar ta kau, sayar da tikiti kaɗai kuma bai isa ya biya albashi ba. Layin Tadami ne na ƙarshe da ya bar faifan a layukan fasinja na JR, a Satumba 2012. Ƙananan kamfanoni irin su Tsugaru a lardin Aomori sun ci gaba da amfani da shi.

A tashoshin kaucewa da yawa ko mahaɗar dogon ba ta da injin da ke juya ta. Sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai komawa yadda yake in an sake shi, shi ke riƙe da harsunanta a fuska ɗaya, jirgin da ke shigowa kullum gefe ɗaya yake bi. Mai fita daga ɗaya gefen sai ƙafafunsa su ture harsunan su wuce, sifirin ya mayar da su a hankali. Idan direba ya doshi jar sigina bai rage gudu ba, akwai na'ura a ƙarƙashin jirgin da ke karɓar saƙo daga dogo, ta yi ƙara, in bai amsa ba ta taka birki da kanta. Za ka kuma ga direba yana nuna sigina da yatsa yana faɗin launinta da baki, shi kaɗai a wurinsa. Ba taɓin hankali ba ne, ƙa'idar aiki ce don kada ido ya gani hankali na wani wuri.

Inda tsarin ke karyewa shi ne inda mutum ya tsallake shi. Ranar 14 ga Mayu 1991, a layin Shigaraki da ke lardin Shiga, siginar fita ta maƙale a ja. Jama'a sun yi yawa saboda wani baje koli, sai aka saki jirgin ba tare da an kammala tabbatar da cewa hanya babu kowa ba. Ya yi gaba da gaba da wani jirgi da ya taso daga Kyoto, mutum 42 suka rasu. Saboda haka idan jirginka ya tsaya a tashar kaucewa minti goma babu bayani, jiran ɗan'uwansa yake, kuma ba zai motsa ba sai wancan ya shigo. Illar ke nan ta layi ɗaya, jinkirin jirgi guda yakan shafi kowa. Kamfanoni kuma sun cire dogon kaucewa a tashoshi da yawa don rage kuɗin gyara, abin da ya sa gunduwoyin suka ƙara tsawo, yawan jiragen da layi zai iya ɗauka ya ragu.

Abin da zai fi hana ka tafiya shi ne yanayi. Akwai ma'aunin ruwan sama da na iska a bakin layi, in sun kai wani adadi sai a rage gudu ko a tsayar da jirage har masu duba hanya su bi ta. Tsananin dokar iska ya samo asali daga haɗarin gadar Amarube, 28 ga Disamba 1986, inda guguwa ta jefo taragai bakwai daga tsayin kusan mita 41 a kan wata masana'antar sarrafa ƙaguwa, mutum shida suka mutu. Da kaka, ganyen da ya zube a kan dogo yakan niƙe ya zama santsi, ƙafafun jirgi su riƙa juyawa a banza a hawa. Barewa kan shiga gaban jirgi da dare, a tsaya a duba ƙarƙashi kafin a ci gaba. Da hunturu dusar ƙanƙara kan cushe tsakanin harsunan mahaɗa, shi ya sa ake sa musu abin ɗumamawa. Kudancin layin Kisuki ya fi kowane ɓangare shan wannan. Daga Izumo-Sakane jirgi ba ya iya hawa dutsen kai tsaye, sai ya yi gaba, ya dawo da baya, ya sake yin gaba, direba yana sauya mazauni daga wannan kai zuwa wancan, har ya kai Miinohara mai tsayin fiye da mita 720, tashar da ta fi kowace bisa a JR West. A shekarun da ƙanƙara ta yi yawa akan dakatar da jirage a wannan yanki na makonni, a sa mota a madadinsu. Za ka kuma ga wuraren da jirgi ke rarrafe a kilomita 25 cikin awa. Lafiyar injin ƙalau, an ƙayyade gudun ne domin direba ya iya tsayawa idan ya hango dutse ko itace ya faɗo, wanda ya fi arha a kan ƙarfafa kowane gangare.

Labarin ɗalibar kuwa, akwai gaskiya a ciki, amma an sa masa gishiri. Tashar ita ce Kyu-Shirataki, a layin Sekihoku da ke Hokkaido. Gaskiya ne a ƙarshen rayuwarta wata 'yar sakandare ce ke amfani da ita kullum, jirage huɗu kacal ke tsayawa a yini, kuma an rufe ta ranar 26 ga Maris 2016, watan da yarinyar ta gama makaranta. Sai dai ranar ita ce ranar sauya jadawali ta wannan shekara, kuma tare da wasu tashoshi maƙwabta aka rufe ta. Shekarar karatu a Japan a Maris take ƙarewa, jadawali ma a Maris ake sauya shi, don haka dacewar ba abin mamaki ba ce. A Nuwamba na wannan shekarar JR Hokkaido ya fito fili ya ce kilomita 1,237 na layukansa ba zai iya riƙe su shi kaɗai ba, a Maris 2021 kuma ya rufe tashoshi 18 rana ɗaya.

Abin da labarin ya faɗa daidai shi ne cewa 'yan sakandare ne ƙashin bayan waɗannan layuka. Jirgin bakwai na safe makil yake da su, na sha ɗaya kuwa tsofaffi biyu ko uku ne masu zuwa asibiti. Tikitin watan ɗalibi yana da rangwame mai yawa, don haka cikar jirgin safe ba riba ba ce. Manya kusan kowa da motarsa. A daidai inda jirgi ke gaba da baya a Izumo-Sakane, an buɗe wata hanyar mota mai naɗe biyu a 1992, tana hawa dutsen cikin 'yan mintuna. Mutanen ma raguwa suke: garin Okuizumo, mai shinkafar Nita da tsohuwar sana'ar narkar da ƙarfe, bai kai mutum 12,000 ba a ƙidayar 2020.

Ma'aunin da ake yanke hukunci da shi shi ne matsakaicin fasinjan da ke ratsa kowace kilomita a yini. Dokar 1980 ta sa iyaka a 4,000, aka zaɓi layuka 83, 45 suka koma bas, 38 aka miƙa wa wasu kamfanoni, akasarinsu na haɗin gwiwa da ƙananan hukumomi, na farkonsu Sanriku a 1984. A Afrilu 2022 JR West ya wallafa lissafin sassa 30 da ba su kai 2,000 ba. Mafi muni shi ne maƙwabcin layinka, Geibi, tsakanin Tojo da Bingo-Ochiai: a wancan lissafin fasinja 11 ne a yini, kuma sai an kashe yen 25,416 kafin a samu yen 100. Bingo-Ochiai ɗin nan a zamanin jirgin gawayi ma'aikata fiye da 100 ne a cikinta, tun 1997 babu ko ɗaya. Layin Sanko, kilomita 108 tsakanin Gotsu da Miyoshi, an rufe shi a 2018.

Tashar da ta tsira, in ka bincika, wani ne ya sa hannu a aljihu. Koboro a Hokkaido, wadda ke maƙale tsakanin ramukan dutse biyu, garin Toyoura ne ke biyan kuɗin kula da ita tun 2016. Layin Tadami da ambaliya ta yanke a Yuli 2011 bai dawo ba sai 1 ga Oktoba 2022, bayan lardin Fukushima ya karɓi mallakar dogon a yankin da ya lalace, JR East ya tsaya a tuƙi. A Emi da ke lardin Chiba, gidan waya aka haɗa da tashar a 2020, ma'aikatansa ke kula da taga. Akwai kuma wata kyanwa mai suna Tama da aka naɗa shugabar tashar Kishi da ke lardin Wakayama a Janairu 2007, ta kuwa jawo 'yan yawon buɗe ido. Amma a ganina ba dabara ce da kowa zai kwaikwaya ba, domin layin nata kilomita 14 ne daga cikin birnin Wakayama, yana da masu zuwa aiki kullum. Share ɗakin jira, shuka furanni, da matasan zama da za ka gani a kan benci, yawanci aikin sa kai ne na mutanen unguwa. Shi ya sa ba a barin shara, kwandon ma sau da yawa babu, kowa da ledarsa yake komawa gida.

Ga zamanka na yau da kullum, kada ka sa ran tasi a bakin tasha. Ka karɓi lambar kamfanin tasi na garin daga masu masaukinka, ka kuma tambayi ƙarfe nawa suke tashi, don da yawa ba sa kai dare. Keke ba ya shiga jirgi sai an naɗe shi ko an kwance shi an sa a jaka, mutane a rumfar tasha suke barin nasu a kulle. Ban-ɗaki ba kowace tasha ke da shi ba, wanda ke akwai ma akan rufe famfonsa da sanyi, saboda haka ka fito da alwalarka ko ka riƙe gorar ruwa. A Disamba rana na faɗuwa wajen biyar na yamma, Magariba za ta riƙa samunka a hanya, ɗakin jira kuma in ba kowa ya isa a shimfiɗa darduma a lungu ba tare da an tare hanya ba. Abinci ka taho da naka, abin da za ka samu a tasha bai wuce na'urar sayar da abin sha ba. Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119, kuma sunan tashar shi ne adireshin da za ka faɗa musu.

Idan lokacin jirgi ya wuce da minti goma bai zo ba, to akwai dalili. Lasifika za ta yi magana da Japananci, in ba ka gane ba buɗe shafin JR West na bayanin zirga-zirga, yana da Turanci, ka nemi yankin Chugoku. Wasu tashoshin suna da lambar waya a manne kusa da jadawali. In an ce an sa mota a madadin jirgi, tikitinka na jirgi yana aiki a cikinta, amma ba kowane dakatarwa ake kawo mota ba, musamman na ruwan sama na kwana ɗaya. Idan an kawo, wani lokaci bas ce, wani lokaci tasi mai ɗaukar mutum tara da takarda manne a gilashi. Direbanta ba ya hawa dandamali neman fasinja, a wasu tashoshin ma a bakin babban titi take tsayawa, ba a ƙofar tasha ba. Wurin tsayawarta yana cikin sanarwar da aka liƙa a ɗakin jira, da ɗan zanen taswira, ka ɗauki hotonta tun kafin hunturu ya shigo.